Ƙulli Tara a Bakin Kwara

A watan nan Yaya Mamman ya cika shekara ashirin da ɗaya da rasuwa. Mijin yayata Hajara ne, tela ne, asalinsa mutumin ƙasar Yawuri. A garinmu har gobe in ana so a gane wanda ake nufi sai a ce Mamman Mai Ƙulli, kuma yawancin masu faɗin haka ba su taɓa ganinsa ba, amma sun san ba sunan yabo ba ne. Na san inda sunan ya samo asali domin daga bakina ya fito. Abin da ya sa na roƙi wannan fili a jarida ke nan.

Gara in fara da halina, don mai karatu ya san da wa yake tare. Ni mutum ne mai zargi, haka Allah Ya yi ni, tsufa kuma bai rage komai ba. In ɗan okada ya cika yi mini fara'a sai in sauka in nemi wani. In aka kawo mini buhun albasa aka rantse duk manya ne, sai na zazzage shi har gindi. Wannan hali ya tsare mini sana'a shekara da shekaru a Anacha, ba zan yi masa butulci ba. Sai dai malamai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuwa nawa bai ma zama gaskiyar ba.

Tun ranar da aka ba shi Hajara hankalina bai kwanta da shi ba. Ba ya sha, ba ya caca, sallah ba ta wuce shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fatsa. Mu 'yan tudu ne, a wurinmu fatsa wasan yara ne a kududdufi da damina. To ga magidanci mai keken ɗinki da 'ya'ya biyu, la'asar na yi sai ya rufe shago ya saɓa gora ya nufi bakin Kwara. Na sha ce wa Hajara mutumin da ke zama shi kaɗai yana kallon ruwa akwai abin da yake ɓoyewa, ita kuma ta ce in sa ido a kan albasata.

Shi ne ya sa nake ɗoro masa damin karan dawa a kan lodin albasa duk lokacin da na sauko daga Arewa, har direbobi suna tambayata ko akuya nake kiwo a Anacha. Karan nan da shi yake yin abin da ke shawagi a kan ruwa. Yakan yanki gaɓa ɗaya ya fere ta sai totuwa ta rage, ya zura mata bututun gashin agwagwa a tsakiya don zare ya riƙa zamewa, sannan ya tsoma kanta a jan fentin masu kwale-kwale yadda zai hango ta daga nesa. Toshiyar kwalba da mutanen wurin ke amfani da ita ya ce kurma ce, kifi zai cinye koto bai ji ba. Dalma kuwa daka ta yake yi ta yi faɗi, ya yayyanka ƙanana, ya matse su a jikin zare da haƙori, manya a sama, ƙanana wajen ƙugiya, don koto ya riƙa tafiya gaba totuwa na biye.

Amma duk wannan bayan awo ne. Ba ya jefa ƙugiya a ruwan da bai auna ba. Yana da zare na musamman mai dunƙulen dalma a baki, yakan sake shi har ya taɓa ƙasa, ya jawo ya auna da kamu, kowane kamu ya yi masa ƙulli ɗaya. Da wannan yake sanin inda zai tsayar da totuwa, koto ya wuce kamar taki ɗaya sama da yashi. Ya ce kifin nan ragon ruwa ba ya tashi neman abinci a ruwa mai gudu, kwanciya yake yi a ƙasa yana jira ya zo masa daidai baki. In gaya muku gaskiya, duk wannan bayani daga baya na koye shi, daga bakin wani. A lokacin ko sau ɗaya ban taɓa tsugunawa na kalli yadda yake haɗa kayansa ba.

Kwanan baya na bi ta Kasuwar Ochanja na ga rumfa guda cike da kayan fatsa: sanduna masu naɗewa kamar laima, totuwar roba ja da kore, dalma a leda an jera ta girma-girma. Na tsaya ina jujjuya ɗaya, mai rumfar ya ce, "Baba, wetin kake nema? Na orijinal fa." Na ajiye masa, don duk wanda ya ce mini orijinal na san akwai magana. Na yi tunanin da Yaya Mamman ne da ba zai kushe ba, ba halinsa ba ne. Zai ɗaga ta ya ji nauyinta a tafin hannu, ya tambayi mai rumfar ko ya san zurfin ruwan da za a jefa ta.

A shekarar da ƙasa ta rikice, kafin yaƙin basasa, gida tara ne na Hausawa a layinmu. Muna zaune lafiya da maƙwabta, har suna aiko mana da doya sabuwa. Sai motoci suka fara sauke 'yan ƙabilar Ibo da suka gudo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu babu 'ya'yansu. Abin da aka yi musu a can ba abin ɓoyewa ba ne, mun gani da idonmu a tasha. Daga nan gaisuwa ta fara gajarta. Matar da nake sayen manja a wurinta ta daina ɗaga kai in na wuce. Labarai suka riƙa zuwa daga Fatakwal da Inugu cewa an taɓa namu, wani gaskiya, wani ƙari, babu mai iya tantancewa. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, mu kuwa ko saran bai iso ba muka fara gudun tsumma. Muka daina fita kasuwa, aka daina kiran sallah da ƙarfi.

Mutum ɗaya ne bai sake komai ba. Ɗinki ya tsaya, don haka maimakon la'asar kaɗai sai Yaya Mamman ya koma zuwa kogi safe da yamma. Kifin da yake kawowa Hajara ke rarraba wa gidajen nan tara, kuma ban ga wanda ya mayar ba, har da ni. Amma ana ci ana tambaya: yaya aka yi shi kaɗai yake ratsa gari da gora a kafaɗa babu mai ce masa uffan? Kowa ya san yana da aboki a bakin ruwa, wani Ibo mai gyaran kwale-kwale da ake kira Okoye, wanda ya taɓa zama a Lakwaja yana jin Hausa. A da abin dariya ne, a waɗannan makonni ya daina ba kowa dariya.

Wata la'asar na bi bayansa ba tare da ya sani ba. Na laɓe a bayan wani kwale-kwale da aka kife, ina hango su biyu a gindin wata babbar bishiya. Na ga Yaya Mamman ya ɗauko zare yana ƙullawa. Kowane ƙulli sai ya kai shi baki ya jiƙa da miyau kafin ya ja, bakinsa yana motsi, Okoye ya sunkuyo yana kallo kamar mai ɗaukar karatu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da aka faɗa game da masu tofi a ƙulli. Da ya gama sai ya miƙe zaren yana nuna ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ni ma ina ƙirgawa daga inda nake. Tara. Ya naɗe ya danƙa wa Okoye a hannu, shi kuma ya sa a aljihu.

Bayan magariba na sami Alhaji Bawa, dillalin shanu, wanda shi ne dattijon layinmu, na zayyana masa. Mutum ne mai nutsuwa, bai yi saurin ɗauka ba.

"Ka ƙirga da kyau?" ya ce.

"Sau biyu, Alhaji. Gida nawa ne a layin nan?"

Kafin gari ya waye sau biyu magana ta yi 'ya'ya. Wani ya tuna ya taɓa ganinsa yana nuna layinmu da hannu. Wani ya ce dama mutanen ruwa ba a raba su da asiri. Babu wanda ya tunkare shi, don an ce in ya san an gane zai gaggauta abin da aka shirya. A lokacin an riga an sami babbar mota da za ta tsallaka da mu gada zuwa Asaba, daga can a nemi hanyar gida. Alhaji Bawa ya yanke cewa kada a gaya wa Mamman ranar tafiya, kada a gaya wa matarsa, amma ba za a bar shi ba. In an gama lodi sai a aika a kira shi, ya hau ba tare da ya sami damar sanar da kowa ba. Ina so a rubuta wannan a gefen Alhaji Bawa, Allah Ya jiƙansa: bai ce a bar kowa ba.

Ranar ta zo. Yaya Mamman ya fita bayan asuba kamar kullum. Da hantsi mota ta tsaya a bakin layi, aka yi ta jefa ƙunshin kaya, Hajara tana ta waige-waige da goyo a baya. Ni aka aika, tunda ni ne surukinsa. Na yi gudu har gangaren kogi, kuma na gan shi. Yana tsaye a gindin bishiyar nan inda ya saba, ya ɗaga gora sama don kada zare ya kwanta a ruwa, jan kan totuwar yana tafiya a hankali. Okoye yana gefe yana bugun ƙusa. Kira ɗaya zai ji ni. Na ce a raina in na kira shi Okoye ya ji, in Okoye ya ji kafin mu kai gada an tare mu. Na juya na koma na ce ban gan shi ba.

Hajara ta kama rigata. "Ka duba wajen kwale-kwalen Okoye?"

"Na duba, Yaya."

Aka ce mata akwai wata motar gobe, zai biyo. Babu wata mota. Ta yi kuka har Asaba, ni kuwa ba zan yi wa kaina kwalliya ba: ban ji nadama a ranar ba. Ji nake yi na ceci gida tara.

Bayan wata biyar ya iso garinmu, ya rame kamar kara, hannunsa na dama a shanye, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Abin da ya faɗa kaɗan ne. Ya koma layi ya tarar babu kowa, wasu samari suka same shi a gidan, sannan wani ya fitar da shi ta ruwa har garin Ida. Maimakon a ji tausayinsa sai aka ce biri ya yi kama da mutum: in ba nasu ba ne, yaya ya fito da rai? Na ji ana faɗa, na gyaɗa kai, domin in ba shi da laifi to ni ke da shi. Sunan Mai Ƙulli ya bi shi. Da farko ya ɗauka tsokanar masunta ce, har yana amsawa da murmushi.

Tela da ba ya iya zura zare a allura ya tashi daga tela. Ya koma gadin wani sito na hatsi. Ba a taɓa korarsa daga ko'ina ba, mu ba ma yin haka, muna da hanyoyinmu. Ba a sa shi shaidar aure, ba a tura shi gaba in liman bai zo ba, in yaro ya zauna kusa da shi sai uwarsa ta tuna tana da aike. Sau ɗaya tak ya tambaye ni game da ranar nan. Na ce na je ban gan shi ba. Sai ya ce wataƙila ya matsa ƙasa kaɗan, ruwa ya cika a lokacin. Bai matsa ko'ina ba, ni na sani, kuma ina jin shi ma ya sani.

'Yan shekaru bayan yaƙi na koma Anacha da albasa, gari duk kango, ana ta sake gini. Wata rana a bakin ruwa wani mutum mai furfura ya kira ni da sunan ƙanen matar Malam, yadda yake kiran Yaya Mamman ke nan. Okoye ne, yaƙi ya tsofar da shi, 'ya'yansa biyu yunwa ta kashe. Ya tambayi Malam, ya tambayi hannunsa, domin shi ne ya ƙwace shi daga samarin nan ya rufe shi da ganyen kwakwa a cikin kwale-kwale. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye shi zaren nan. Ya ce ai awon zurfin gurbin kifin da ke gindin bishiya ne, kamu tara. Malam ya ce masa ya ga alamar zamansu ya ƙare, ga gurbinsa ya bar masa, ga yadda ake haɗa kaya. Okoye ya ce a fadamun da suka gudu lokacin yaƙi da wannan ilimi ya ciyar da 'ya'yan da suka rage masa, duk ruwan da suka isa sai ya auna tukuna.

Na tambaye shi miyau fa. Ya yi dariya, ya ɗauko zaren roba ya yi ƙulli a bushe ya fizga, ya tsinke. Ya sake wani ya jiƙa a baki ya fizga, ya riƙe. Motsin bakin kuwa ƙirga kamu Malam yake yi.

Wani zai ce daga nan na sallama. Ban sallama ba, ai na faɗa muku halina. Na ce wa ya sani ko sun haɗa baki tun tuni. Na je wani bakin ruwa daban na sami wani Banufe masunci da bai san ɗayansu ba, ya ba ni amsa iri ɗaya, yana kallona kamar wanda ya tambayi dalilin sa gishiri a miya. Hakan ma bai ishe ni ba. Na sayi zare da dalma, na biya aka kai ni gindin bishiyar a kwale-kwale, ni da nake tsoron ruwa, na auna da hannuna. Kamu takwas da rabi, kuma rani ne, ruwa ya ja baya.

Tsakanin wannan awo da rasuwarsa kusan shekara ashirin ne, ban buɗe baki ba. Dalilin ba mai tsawo ba ne: tsoro da son girma. Ni ne wanda idonsa ya ceci layi, har ana ba yara labarina. Sai na koma aika masa shadda da ƙaramar Sallah, rago da babba, yana karɓa yana godiya. Hajara ta riga shi tafiya ba ta sani ba. Da ciwonsa ya yi tsanani na je da niyyar faɗa, na tarar da ɗaki cike da mutane, sai na fake a bayan abin da kowa ke cewa a gaban mai jinya, na ce Yaya a yafe mini. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Na yafe maka wanda na sani da wanda ban sani ba." Kowa haka yake cewa. Amma shekara ashirin da ɗaya ke nan ina juya yadda ya ɗan tsaya bayan kashi na farko, na kasa sanin ko numfashi ne ya yanke masa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. A da kwana biyu magana ta ɗauka kafin ta zagaye gida tara. Yanzu in gari ya ɗan yi zafi, kafin a idar da sallah saƙo ya shiga wayar kowa daga Fatakwal har Inugu, an ga wane yana nuna gidajen Hausawa, an ga wance tana rubuta lambobin motoci. 'Ya'yana ma suna turawa gaba, wai don a yi hattara. In na ce wa ya gani sai su ce Baba ai kai ka koya mana. Ba na jin Yaya Mamman zai yi wa kowa wa'azi, bai iya ba. Ina jin zai ɗauki gorarsa ne kawai ya bar mu da wayoyinmu, mu kuma mu ce ina za shi a irin wannan lokaci.

Me ya rage nasa? Keken ɗinkin ya ƙone a Anacha, gorar ban san inda ta shiga ba. A bakin Kwara akwai masu fere totuwa suna jiƙa ƙulli da miyau ba su san daga wa ya zo musu ba. Wannan shi ne alherinsa, kuma ya tsaya a can kudu inda babu wanda ya san sunansa. Abin da ya rage a gida, inda aka san sunan, nawa ne.

Da daminar bana aka zo neman auren jikarsa Maryam, malamar asibiti, yarinya mai hankali. Dangin yaron suka aiko bincike garinmu kamar yadda aka saba, wata tsohuwa ta gaya musu kakanta shi ne ya sayar da Hausawa da ƙulli a ƙasar Ibo. Suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba, sai daga baya ya fito. Mahaifinta Sabo, babban ɗan Yaya Mamman, ya kira ni a waya. Ya ce, "Kawu, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka gani. Gaskiya ne?" Na ce masa layin ba kyau, zan kira shi. Wata uku ke nan.

To Sabo, ga amsarka, a inda ba zan iya janye ta ba. Ba gaskiya ba ne. Mahaifinka ruwa ya auna, bai ƙirga gidan kowa ba. Hannun nan da ka taso kana ɗaura masa maɓallin riga saboda shi, ni na jawo masa, domin na gan shi ranar tafiya na juya. Ka kai wannan jarida ƙofar masallacin Juma'a na garinmu a karanta, ka aika wa dangin yaron nan ɗaya. Allah Ya jiƙan Malam Mamman tela, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma in kun daina gaishe ni ba zan ce kun yi laifi ba, amma ku gaya wa Maryam ta ɗaga kanta.